Kwafin tsohon diski zuwa SSD yana tsayawa a kashi 61, ina mafita?

Mai Fotokofi (Ali Ɗan Sofo):
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon buga takardu a nan Maradi, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo ne. Kwamfutar shagon ta yi nauyi ƙwarai, sai ka kunna ta ka gama sharar shago ba ta gama buɗewa ba. Na sayi SSD, wato sabon nau'in diski mai sauri, mai giga 512, tsohon diskin giga 500 ne. Na jona sabon ta wayar USB na fara kwafe komai dungurungum, amma duk lokacin da aka kai kashi 61 cikin ɗari sai aikin ya tsaya, ya rubuto kuskuren CRC, wato abin da aka karanto bai fito daidai ba. Wani lokacin ina jin ƙas-ƙas a ƙarƙashin madannai. Ba na son sake zuba Windows sabo, domin saitin injin buga takarda da madannan da nake rubuta ɗ, ƙ da ƴ duk suna ciki. Ga kundayen ɗalibai da za su kare a watan nan. Don Allah a taimaka.

Injiniya Na Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da kwafin nan tukuna. Tsayawa a wuri ɗaya tare da CRC da wannan ƙarar alama ce diskin yana da gurabun da suka lalace, kuma duk maimaitawar da kake yi ƙara masa rauni kake. Yau ɗin nan ka kwashe kundayen yaran mutane zuwa kile (filashin USB) ko wani diski, kaɗan-kaɗan, ka fara da mafi muhimmanci. Bayan haka ka buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar diski, ka duba layin 05 da C5 masu ƙirga gurabun da suka samu matsala. In sun yi launin ɗorawa, to ka san inda matsalar take. Kuma ka sa masa fanka, zafin Maradi a rufaffen shago ba ya yi wa mai ciwo daɗi.

Ɗan Tibiri:
Yaya, ka tabbata girman ba shi ne matsalar ba? Na ga wanda ya sayi SSD mai 480 yana son juye diski mai 500 a kai. In ba haka ba, ka gwada chkdsk /r, umarnin Windows na duba diski da gyara shi.

Injiniya Na Babbar Kasuwa:
Ƙanena, nasa 512 ne, wuri ya isa. Chkdsk /r kuwa ban yarda da shi a kan diski mai ƙara ba: zai yi awoyi yana bin kowane gurbi, yana iya ƙarasa shi kafin a ceci komai. A yi amfani da manhajar kwafin diski ta Clonezilla daga kile, a shiga zaɓin ƙwararru a kunna -rescue. Zai tsallake inda bai karantu ba ya wuce gaba.

Mai Fotokofi (Ali Ɗan Sofo):
Allah ya saka da alheri. C5 ɗorawa ne kamar yadda ka faɗa. Kundayen sun fita lafiya, ban da guda ɗaya da mai shi ke da kwafi a wayarta. Clonezilla ya kai ƙarshe. Na cire tsohon na sa SSD a gurbinsa, sai allo ya yi shuɗi da lamba 0xc000000e.

Injiniya Na Babbar Kasuwa:
Alhamdulillahi, mai wuyar ta wuce. Windows yana nan, hanyar tayar da shi ce ta ɓace. Ka tashi kwamfutar da kilen da ake zuba Windows da shi, danna Shift da F10, rubuta diskpart sannan list vol. Za ka ga wani ɗan yanki na FAT32, wajen mega 100. Ka zaɓe shi da select vol da lambarsa, ka rubuta assign letter=S, sai exit. Daga nan: bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Ka lura da kyau, a wannan allon harafin Windows ba lallai ya zama C ba, ka duba jerin. In ba ka ga yankin FAT32 ba, diskinka MBR ne, wato tsohon tsarin rarraba diski, ka faɗa mini in ba ka nasa umarnin. Idan kwamfutar ta tashi, ka yi chkdsk a kan SSD ɗin, sannan sfc /scannow mai gyara fayilolin Windows, saboda gurabun da aka tsallake sun bar giɓi a wasu fayiloli. Tsohon diskin kuma ka ajiye shi a aljihun tebur, kar ka goge shi sai ɗaliban sun gama karewa.