Na yafe masa, amma ban ce zan koma ba

Bazawarar Domayo:
Salamu alaikum 'yan uwa, yau iddata ta cika tsarki uku cif, jiya na kwaso sauran kwanonina daga gidanshi nace bari in sauke abin da ke raina anan, mai amsa ya amsa da waƙa don Allah banda wa'azi na sha shi a gida.

Shekara tara muna tare da shi,
Takarda guda ta raba ni da shi,
Ragowar sadakina na bar mashi,
Kukan da na sha ban bin shi bashi.

Mayo Kaliyo in rani yai ƙarfi,
Sama yashi ne, ruwa na can zurfi,
Haka raina yake, wuƙa ta rage kaifi,
Na bar ma Allah ya ware mai laifi.

Ɗan Hausare Garwa:
Kai mata da dabara!

Wadda ta yafe ba ta ƙirga shekara,
Ba ta tara jama'a ta kawo ƙara,
Biko kike so tun ba a fara,
Ki ce ya dawo mu zo cin gara.

Bazawarar Domayo:
Ɗan Hausare zafin Garwa ya taɓa ka,
Afrilu ne, je Binuwai ka jiƙa hularka,
Na ce na yafe, ban ce kome ba, buɗe kunnenka,
Mata biyu sun gudu, wa zai ji fatawarka?

Hajiya Mai Folere:
Ayyururui!! ƙanwata kin gama dashi wallahi, mutanen Garwa ku zo ku ɗauki naku, in ba ƙwallon Coton Sport ba me kuka iya, waƙa a Marwa take kwana

Ɗan Hausare Garwa:
Hajiya ke da ko ɗango ɗaya baki taɓa haɗawa ba sai guɗa. Kuma mu aka kawo ma kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a 2022, ku fa? Sannan ɗaya ce ta tafi ba biyu ba, a gyara.

Malam Na-Kuseri:
Ku dakata. Ni ba ruwana da Garwa ko Marwa, abin da na gani zan faɗa. Baiwar Allah baitinki na farko kin rufe ɗango biyu da kalma ɗaya, shi da shi, wannan a aruli aibi ne ana ce masa ita'i. A raddinki kuma ɗangon farko gaɓa 12, na uku gaɓa 15, karin ya karye. Halilu ɗan Ahmadu na Basra bahar 15, wato karin waƙa, ya tsara, Ahfashu ya ƙara Mutadarik ta zama 16, ki gaya min a wacce kika hau?

Hajiya Mai Folere:
Allah gafarta malam mace ta fito daga aure na shekara tara kai kana ƙirga mata gaɓa kamar mai awon masakwa a kasuwa, haba

Malam Na-Kuseri:
Hajiya ciwo daban awo daban.

Mai Kilishi Ngaundere:
Malam yana da gaskiya fa, amma ai mawaƙan baka basu san Halilu ba kuma kalangu bai taɓa ƙin su ba, in an rera ana jan wasali ya cike gurbin

Malam Na-Kuseri:
To ta kawo kalangu. Nan rubutu muke.

Bazawarar Domayo:
Malam na gode, usoko, ga naka:

Gurguwar waƙa ta kai ni gida,
Ta malam mai ƙafa huɗu na kan takarda.

Direban Ngeli:
Afuwan na makara ina hanya, kun cika wurin da gaɓa har na rasa inda maganar take. Yaya ni daga ɗaya ɓangaren nake, ni na yi sakin, cikin fushi, kuma har idda ta ƙare girman kai bai barni na maida ta ba. Ta yi aure yanzu, 'yar mu tana wajen kakarta a Kuseri don haka Risala ta ce in uwa tai aure riƙo ya koma ga kaka, duk Juma'a nake tsallaka gada daga Njamena in ganta. Ban iya waƙa ba malam kar ka duba.

Duk Juma'a ina ƙetare Logon,
Da jaka biyar da sabulu a kwandon,
Mijinta ya gaishe ni ranar sunan ɗansu na amsa ina murmushi,
Na koma mota na kifa kai, ba wanda ya ji nishi.

Ayar Baƙara ta 237, kada ku manta alheri a tsakaninku, ita ta hana ni zaginta ko sau ɗaya gaban yarinya.

Bazawarar Domayo:
Allah sarki ƙanena. Wannan na uku naka ya fi gadar tsawo amma ya fi duk abin da na rubuta.

Ban yafe don shi ya ji daɗi ba,
Na gaji da dare ban runtsa ba,
Da safe yaro zai tafi lekol,
In ina hawaye bai karya ba.

Mai Kilishi Ngaundere:
lekol bai shiga amsa-amo ba yaya 😂

Hajiya Mai Folere:
Kai ma ka koma almajirin malam? je ka juya kilishinka

Ɗan Hausare Garwa:
Kwana biyu ban leƙo ba. Direba ka ɓata min barci. Tawa tana gidansu a Gidar, wata takwas ban kira ba, na haɗa wannan ku duba min kafin in tura, Hajiya banda ke.

Uwar yara ki yafe mani,
Bakina ne ya yi mani rauni.

Bazawarar Domayo:
Yayi. Amma fara tura mata kuɗin yaran ta Orange Money na wata takwas ɗin, in ta ga saƙon ya shiga sai baitin ya biyo baya.

Malam Na-Kuseri:
Ɗango na biyu ya fi na farko da gaɓa ɗaya. Ka ce "yai mani".