Waɗanda suka san Kaduna kafin 2000: ina kuke haɗuwa da tsofaffin maƙwabta?

Ɗan Tudun Wada: Jiya a Kasuwar Gumi na ci karo da matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana haya a gidanmu. Ita ta fara gane ni, ta kira ni da sunan da tun rasuwar Inna ba wanda ya sake kirana da shi. Rabona da ita tun rikicin shari'a na Fabrairun 2000, da suka kwashe kaya suka tsallaka kogin Kaduna zuwa kudu, inda Kiristoci suka fi yawa. Muka tsaya a layin 'yan atamfa har masu baro suka fara yi mana tsawa. Ta ce in zo Sabon Tasha, na ce in sha Allahu, kuma mu duka mun san ba zuwa zan yi ba. Ku fa, ina kuke haɗuwa da naku?

Maman Biyu, Narayi: Ɗan'uwa, ka taɓa min inda ke min ƙaiƙayi. A Rigasa aka haife ni, Hausar nan a can na sha ta. Ran Kirsimeti mahaifiyata takan sa a kira malamin layinmu ya yanka kajin, don kada wani ya ƙi cin shinkafarmu. Mun daure a 2000, amma da rikicin gasar Miss World ya zo a Nuwamban 2002 Baba ya sayar da gidan a wulaƙance. Sau ɗaya na koma, gaisuwar mutuwa. Bishiyar mangwaronmu na nan, an yi shagon caji a gindinta.

Tsohon ma'aikacin masaƙa: Ku yara ne. Ku tambaye mu Kakuri lokacin da masaƙun KTL da UNTL da Arewa Textiles ke aiki dare da rana. In aka busa jiniyar canjin aiki, titi baƙi ƙirin da kekuna. Bajju, Bakatsine, Tibi, Banufe, layi ɗaya muke bi wurin mai kunu, bashi ma a littafi ɗaya ake rubuta mana. KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Ni a ganina mutuwar masaƙu ta raba garin nan kusan yadda wuta ta raba shi, domin wanda ba ku tashi aiki tare ba, a ina za ka san ɗansa ba shi da lafiya? Mutumin da muka yi shekara tara a kan inji ɗaya, sai bayan wata huɗu na ji ya mutu.

Mai Keke: Baba, gaskiyarka. Da rana kowa na tsallaka gadar Stadium, ba mai kallon wani. Amma da zarar an ce "gari ba lafiya", ko jita-jita ce, sai ka ga kowa ya nufi ɓangarensa, fasinja na cewa in taka. Wasu har Makka da Kudus suke kiran ɓangarorin biyu, wai wasa.

Maman Biyu, Narayi: Wasan da ba ya ba ni dariya. Kuma ba a rabu tas ba, a Barnawa da Kakuri har yau ana cakuɗe.

'Yar Kawo: Ni a 2003 aka haife ni, a rabe na tarar da garin. Akwai hoton babanmu a wurin shaƙatawa na Gamji, kan tsohuwar gadar Lugard, shi da abokai huɗu ranar Sallah. Biyu daga ciki Kiristoci ne, ya ce har yanzu yana da lambar ɗaya. Ƙawata Kirista ta farko sai a Poly na yi ta. Ranar da na ce zan je bikin yayarta a unguwar Television, sai da Umma ta kira ni sau shida kafin la'asar.

Ɗan Tudun Wada: Kin je dai?

'Yar Kawo: Na je, Yaya. Kakarta ta tambaye ni 'yar wace unguwa ce, da na ce Kawo sai ta shiga lissafo min masu ƙosai na bakin tasha, tana tambaya ko suna nan. Ko ɗaya ban sani ba.