Musayar Waƙa: Sawun Guduma a Jikin Zobe

Mai koyo:
Sallama Yaya, gwanar azurfa,
Na zo da tambaya a kan ƙira.
Zoben da kika yi mai siffar ganye,
Wa ya nuna miki, ina kika fara?
Ni in na zauna zan zana sabo,
Farar takarda nake ta harara.

Maƙeriya:
Ƙanwata, ba a aji na soma ba,
Na soma ne da sarƙar kakata.
Ta tsinke, na zauna a gaban fitila,
Ido ɗaya ɗaya har na haɗa ta.
A nan na ga kowace mahaɗa,
Hannu ya lanƙwasa ta, ya liƙe ta.
Ganyen kuwa iska ce ta kawo shi,
Na tsince shi a bakin ƙofata.
Kwana uku ina bin jijiyoyinsa,
Kafin guduma ta taɓa azurfata.

Dattijon maƙeri:
'Yata, na duba zoben da kyau,
Sawun guduma na nan a gefenshi.
Wanda ya koya mini, in ya ga haka,
Magagari zai miƙo ya ce a bi shi,
Sai ya yi sheƙi yana ɗaukar ido,
Sannan a kai shi hannun mai shi.

Maƙeriya:
Baba, da gangan na bar sawun,
Shi ne sa hannu a kan aikina.
Inji zai fid da dubu iri ɗaya,
Ba ɗayansu da zai kira sunana.
Cikin zoben, inda yake shafar fata,
Na goge shi sumul, wannan amana.

Mai koyo:
To ga kukana, ku taimake ni:
Waya nake ja, sai ta karye.
Na yi ta bugun farantin azurfa,
Ya yi tauri, bakinsa ya tsattsage.

Dattijon maƙeri:
Ɗiyata, azurfa in ta sha duka,
Tauri take yi, sai a mai da ta wuta.
Ki rage hasken ɗaki ki kalli launi,
Da ta yi ja kaɗan, ki janye ta.
Ta huce, ta yi laushi, ki ci gaba,
In ta sake taurara ki maimaita.
Tsantsarta sai zafi ya kai digiri 962,
Zinariya kuwa 1064 ke narka ta.
Taki, kashi 925 cikin dubu azurfa ce,
Sauran 75 jan ƙarfe ne ke ƙarfafa ta,
Ga shi ta riga tsantsar narkewa,
Kada ki juya baya ki bar ta.

Maƙeriya:
Baba, ga zoben, sa shi a yatsa,
Ka yini da shi, ka ba ni labari.

Dattijon maƙeri:
Na sa shi tun safe har almuru,
Cikinsa bai cije ni ba, 'yata.
Gefen dai, da ni ne da na goge,
Amma babban yatsana ya ƙi barin shafa ta.