Na ɗora hoton gama karatuna, ƙawata ta ce nuna kai ne

Maman_biyu:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Satin da ya wuce sakamakon digirina na biyu ya fito, shekara uku ina fama da shi ga aiki ga yara, akwai daren da nake rubutu da hannu ɗaya ɗayan ina jijjiga yaro jikinsa zafi rau. Ranar da na ga sunana kuka na yi wallahi. Sai na ɗora hoton a sitatus ɗin WhatsApp da Facebook, Alhamdulillah kawai na rubuta. Ko awa biyu ba a yi ba wata ƙawata ta biyo ni wai wannan nuna kai ne, akwai waɗanda ba su samu ba, kuma wai ba na tsoron baki? Jikina ya yi sanyi na goge. Tun ranar abin ke cina. Laifi na yi?

Babbar_yaya:
Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya sa albarka. Mayar da hotonki. Ayar ƙarshe ta Suratud Duha cewa ta yi a ba da labarin ni'imar Ubangiji, a Suratu Yusuf kuma Annabi Yaƙub ya hana ɗansa gaya wa 'yan'uwansa mafarkin da ya yi. Ni dai abin da na ɗauka a nan, abin da bai tabbata ba ka riƙe a cikinka, wanda ya kammala kuwa godiya ce. Naki ya kammala. Waɗanda suka riƙe miki yara ranar jarrabawa fa, su ba su da hakkin su yi murna? Zuciyarki kawai za ki tambaya, godiya ta sa ki ɗora ko so kike wance ta gani ta ji haushi, wannan ke kaɗai kika san amsarsa.

Mai_gyaran_waya:
Hajiya ina taya ki murna. Ni ta wani wajen zan zo. In za ki mayar ki rufe lambar rajista da ranar haihuwa in suna jikin takardar, mutane na ɗora satifiket ɗinsu fes komai a fili, wani ya sauke ya yi damfara da shi. Haka masu ɗora tikitin jirgi, wannan zanen da ake sikanin yana ɗauke da suna da lambar bukin, wato lambar kama kujera a jirgin. Kuma ba dole kowa ya gani ba, a saitin sitatus za ki iya zaɓar waɗanda kike so ki cire sauran, bayan awa 24 ma ya ɓace da kansa. Maganar Yaya ta abin da bai tabbata ba kuma, wani masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya fitar da bincike a 2009 da ya nuna masu shelar burinsu tun kafin su fara ƙwazonsu na raguwa, sanin da wasu suka yi da burin nasu sai ya sa su ji kamar sun riga sun isa.

Mai_jiran_rabo:
Bari in faɗi ta ɓangaren ƙawarki don ni a can nake. Shekara huɗu da gama makaranta ban samu aiki ba, wani lokacin in buɗe LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, in ga abokin karatuna ya sa hoto a sabon ofis, in rubuta masa barka da zuciya ɗaya amma in kife wayar in daɗe ban ce uffan ba. Ba hassada ba ce, auna kaina nake da shi. Amma ban taɓa cewa ya goge ba, ranar da na ji ba zan iya ba ni nake daina leƙawa. Abin da ke min amfani shi ne wanda zai faɗi sau nawa aka ƙi ɗaukarsa kafin ya dace. Hoton riga da hula kaɗai nisa yake ƙara min, labarin daren zazzaɓin nan naki kuwa karanta shi da na yi yanzu ya ƙara min ƙarfi. Ki sa shi a ciki Anti. Kuma ki kira ƙawar nan ki ji lafiyarta, wataƙila akwai abin da ke damunta.

Maman_biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗan'uwa Allah ya kawo maka naka da alheri. Sai yanzu na tuna ita ma ta fara karatun nan ta ajiye saboda jinyar mahaifiyarta, kaico ban ko kawo wannan a raina ba. Zan kira ta anjima in na kwantar da yara, hoton kuma gobe in na rufe lambar.