Muhawara: Shin Kwamfuta Ta Raba Mu da Lissafin Sauyi?

Malam Kabiru, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Ina da maganar da na san ba za ta yi wa wasunku daɗi ba. A ganina lokaci ya yi da jami'o'inmu na Katsina za su rage makonnin da ake kashewa ana koya wa ɗaliban fiziks da injiniyanci warware lissafin sauyi mai fuskoki da yawa, wanda yara ke kira PDE, da biro da takarda. Ban raina darajarsa ba, domin shi ke bayyana yadda zafi ko ruwa ko iska ke sauyawa daga wuri zuwa wuri da kuma daga lokaci zuwa lokaci a haɗe. Amma a 2023 kamfanin Google DeepMind ya fito da GraphCast, manhajar da ke hasashen yanayin kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya ba tare da ta warware ƙa'idojin motsin iska ba, sai dai abin da ta koya daga bayanan shekarun baya. Me ya sa za mu ci gaba da wahalar da yara da dabarun ƙarni na 19?

Dakta Binta, Rafindaɗi:
Wa alaikumus salam, Malam Kabiru. A ina GraphCast ta samo bayanan da ta koya? Daga taskar ERA5 ta cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, inda aka ɗebo mata na kusan shekara 40, farawa daga 1979. Taskar nan kuwa ba awo ne zalla ba. Tashoshin ƙasa da balan-balan da taurarin ɗan'adam ba su game ko'ina ba, saboda haka ana haɗa awon da aka samu da ƙa'idojin motsin iska, waɗanda tushensu aikin Navier ne na 1822 da na Stokes na 1845, lissafin ya cike guraben da ba a auna ba. Duk abin da na'urar ta haddace, wannan lissafi ne malamin da ya biya mata karatun.

Malam Kabiru:
Na ji, Dakta, amma hujjarki ta tabbatar da cewa duniya na buƙatar wasu tsirarun ƙwararru ne, ba ta tabbatar da cewa kowane ɗalibi a Katsina ko Dutsin-Ma na buƙatarsa ba. A aji sanda miƙaƙƙiya muke warwarewa, da faranti mai kusurwa huɗu, da da'ira, alhali babu kogin da ke da irin wannan siffa. Su kansu ƙa'idojin Navier da Stokes ba a tabbatar da cewa kullum suna da amsa lafiyayya a fuskoki uku ba, shi ya sa cibiyar Clay ta Amurka ta sa musu ladan dala miliyan 1 a shekarar 2000.

Injiniya Lawal, Daura:
Malam, da izininka zan yi magana a matsayin wanda aikinsa gini da rijiya ne. Ƙa'idar tafiyar zafi da Fourier ya wallafa a Faransa a 1822 ana warware ta a rabin shafi idan aka ɗauki katanga mai kauri wadda rana ke duka kullum, kuma amsar tana faɗin abu biyu. Bambancin zafin rana da sanyin dare yana raguwa yayin da yake kutsawa cikin katangar, a busasshiyar ƙasa yakan koma kusan kashi ɗaya cikin uku bayan kowane santimita 10 zuwa 12, sannan kuma yana isa ciki a makare. Wannan ne dalilin da ya sa soron ƙasa mai kaurin rabin mita yake da sanyi da azahar a watan Afrilu, domin ɗan zafin da ya tsira ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka riga suka fito tsakar gida. Ɗakin bulo mai inci 6 da rufin kwano kuwa kafin magariba ya ɗauki zafi. Magina na da sun gano haka ta hanyar gogewa, amma wanda ya san lissafin zai iya gaya wa mai gida kaurin da zai wadatar kafin a buga bulo ko ɗaya. Kuma ƙa'idar nan ɗaya ce Theis, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya ara a 1935 domin bayyana yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ja baya a kewayen rijiyar da ake zuƙa. Da ita muke fassara gwajin famfo, mu san ko rijiyoyin burtsatse biyu da ke kusa da juna za su riƙa janye wa juna ruwa da rani.

Dakta Binta:
Zan ƙara da tarihin hasashen yanayin kansa, tunda da shi Malam ya kafa hujja. Richardson na Ingila ya wallafa a 1922 gwajin da ya yi da hannu na hasashen ranar 20 ga Mayu, 1910, inda lissafinsa ya ce matsin iska zai sauya da milibar 145 cikin awa 6, abin da ba ya yiwuwa. Ƙa'idojinsa ba su da laifi sosai, bayanan farawar ne ba su daidaita da juna ba. Da aka yi nasara da kwamfutar ENIAC a 1950, ba ƙarfin na'urar kaɗai ne ya kawo ta ba, masanin yanayi Charney ne ya sauƙaƙa ƙa'idojin ya tace raƙuman iska masu sauri da ke lalata lissafin. Ɗalibin da bai taɓa ganin yadda amsa ta gaskiya take ba, idan manhaja ta ba shi irin milibar 145 ɗin nan, zai kwafa ya miƙa.

Malam Sani, Ƙofar Soro:
Ni dai na daɗe da ajiye alli, amma ina ganin dukanku kun tsallake abin da ya fi damun yankinmu. Ku tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da dama. Ƙa'idojin gudun ruwa a kogi, na Saint-Venant, suna nan tun 1871, sai dai ba su ba da amsa sai an ba su faɗin kogin da zurfinsa da gangarensa da yawan ruwan da ya sauka a sama da shi awa bayan awa. Inda ma'aunan ruwan sama suka yi ƙaranci, da mai biro da mai manhaja duk kintace suke yi.

Malam Kabiru:
Baba Sani, wannan gaskiya ce. Injiniya kuma ya ba ni misalin da ba zan iya turewa ba, amma ku lura cewa rabin shafi ya ce, ba zango guda ba. Shawarata yanzu ita ce a kammala warwarewa da hannu a rabin farko na zangon, a rabi na biyu ɗalibi ya yanka katangar nan gunduwa-gunduwa a kwamfuta, ya gwada abin da ya samu da amsar takarda, sannan ya tsawaita takun lokacin, wato tazarar da lissafin ke tsallakawa a kowane mataki, da gangan har ya ga lambobin sun haukace.

Dakta Binta:
Rabi na biyun na amince da shi, Malam. Na farkon ne ba zai isa ba, domin ƙa'idar zafi da ta raƙumi da ta Laplace, wadda ke bayyana halin da ya daidaita ba ya sauyawa da lokaci, halinsu ba ɗaya ba ne, kuma kowace na neman irin nata sharaɗin farawa da na iyaka. Ka rubuto jadawalin makonnin mu ga wace za ka cire.