Ciwon cikin ɗana ya ƙi ƙarewa, ni ma na fara gazawa

Wata uwa daga Aboabo, a Kumasi ta ƙasar Gana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 5, tun yaye cikinsa bai zauna lafiya ba. Yau gudawa, gobe kumburi, ga rama, wandon bara har yanzu zame masa yake. An ba mu maganin tsutsa, an ba mu na taifod, sauƙin ba ya daɗewa. Tsakar dare in tashi in wanke shi, in wanke zanin gado, da asuba kuma tukunyar koko na jirana, da ita muke ci. Uwar mijina ta ce girkina ne, maƙwabta sun ce sammu ne. Yanzu abu kaɗan yayyensa za su yi in daka musu tsawa, in koma ɗaki ina kuka. Wadda ta taɓa shiga irin wannan, don Allah yaya kika yi?

Ma'aikaciyar jinya, Asawase: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki nemi takardar turawa zuwa sashen yara na asibitin Komfo Anokye. Kafin ranar, ki riƙa rubuta abin da ya ci da yadda bayan gidansa ya fito, ki kai wa likita. Ki tambaye shi ko za a gwada cutar siliyak, wadda alkama ke lalata wa mai ita hanji. Amma kada ki hana shi burodi da taliya kafin a ɗebi jini, in kin hana, gwajin zai iya ɓoye cutar. Kada ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, ya yanke miki a gida. Kin ga jini a kashi, ko idanunsa sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, to asibiti a daren.

Hajiya, Sabon Zango: 'Yata, tsawar nan rashin barci ne, ba mugun hali ba. Na yi jinyar jikata, na sani. Ki zaunar da maigidanki ku raba dare, ɗansa ne. Ki samu ƙanwa ta tsaya miki wurin koko ko da ranar Juma'a ce, ki rufe ƙofa ki kwanta.

Wani uba, Tafo: Hajiya ta yi gaskiya, mu maza muna da sakaci a nan. Ranar ganin likita ku tafi da Mma, uwar mijinki, ta ji da kunnenta, ta fi yarda da bakin likita a kan na suruka. Ki duba katin inshorar lafiya (NHIS) na yaron, in ya ƙare ana sabuntawa ta *929#.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau zan yi wa babansu magana bayan isha'i. Anti nas, rubutun abincin har da abin da yake saya a makaranta?