Wa ya taɓa gwada noman turmus don dabbobi a nan Legas?

Baban Hajara, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kiwon raguna kusa da Oko-Oba, kuma kuɗin abinci ya kusa kai ni ƙasa. Harawa sai an ɗauko ta daga Arewa, kafin ta iso nan kuɗin mota ya hau kanta. To bara ƙanena da ya dawo daga Masar ya zo min da ɗanyen turmus mudu 2, wani dangin wake ne da Turawa ke kira lupin. Ya ce da shi ake ciyar da tumaki a Ostireliya. Ina da ɗan fili wajen Ikorodu, sai na shuka kunya 6 a watan Mayu. Cikin mako guda ya tsiro, ganyensa kamar tafin hannu da yatsu a buɗe, har hoto na ɗauka na tura gida. Ruwan Yuni na sauka, kwana 3 ruwa na kwance a gonar, sai ganye ya fara yin ɗorawa. Na tuge ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana wari. Waɗanda suka tsira kuma kansu ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ko kwanso ɗaya ban gani ba. Laifina ne ko na ƙasar?

Maman Abba, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ni ban shuka ba, saya na yi wajen wata mai kawo kaya daga Sudan. Na niƙa na zuba wa kajin ƙwai a abinci. Wallahi tsattsaga ɗaya suka yi suka ja baya, kwana biyu ƙwai ya ragu. Da na ɗanɗana garin da bakina sai na ba su gaskiya, maɗaci ƙanensa ne. Matar ta ce ai sai an dafa, a jiƙa kwanaki ana sauya ruwa. A Idi-Araba, inda jarka-jarka nake sayen ruwa wajen mai kura? Na haƙura.

Malam Ɗan Samaru, Mile 12: Alhaji, ba hannunka ba ne. Kiwon dabbobi na karanta a Zariya kafin kasuwa ta jawo ni nan. Turmus iri biyu ne. Akwai mai ɗaci, irin na Masar da Sudan da wanda ake nomawa a tsaunukan Amhara na Habasha, su suna ce masa gibto. Ɗacin nan guba ce in ta yi yawa, shi ya sa kajin Hajiya suka ƙi. Akwai kuma marar ɗaci, wanda aka fara samarwa a Jamus ƙarshen shekarun 1920, kuma irinsa ne Yammacin Ostireliya ke nomawa, su ne kan gaba a duniya. Su ma a watan Mayu suke shuka, amma Mayunsu farkon sanyi ne, ƙasarsu kuma jigawa ce da ba ta riƙe ruwa. Kai ka kai shi cikin zafi da laima da taɓo. Lanƙwashewar da ka gani alamar cutar funfuna ce da ke bin iri, kuma ruwan sama ke yaɗa ta.

Ba na raina shi fa. Furotin ɗinsa yana kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, ba ya buƙatar a soya shi kafin a bayar kamar waken suya, kuma sitacinsa kaɗan ne, don haka ba ya ɓata wa rago ciki yadda masara ke yi in ta yi yawa. Amma in za a gwada a Najeriya, Jos ko Mambila zan nufa, ba bakin teku ba.

Baban Hajara: Ashe ko da ya yi 'ya'ya ma mai ɗacin ne. Allah ya rufa asiri.

Alhaji Tsoho, Alaba Rago: Yaro, shekarata 30 da wani abu a garin nan, bari in ba ka nawa. Na taɓa shuka wake a Epe farkon damina don harawa. Ya yi yaɗo ƙwarai, amma ina rana ta shanya? Na yanka na tara, cikin mako ta yi funfuna, na ɗaga dami sai farin ƙura ya tashi, raguna suka shinshina suka juya. Wani tsohon manomi Bayarabe maƙwabcina ya yi min dariya, ya ce in jira ɗan tsagaitawar ruwan Agusta ta wuce in shuka farkon Satumba. Na bi maganarsa. Yanka ya zo daidai da ɗaukewar ruwa, harawar ta bushe koriya shar, na ɗaure ta a rumfa sama da ƙasa. Shi ne kuma ya ba ni sandunan wata bishiya da suke kira agunmaniye na kafa shinge. Sanda kawai za ka soka ta kama. Ganyenta in ɗanye ne awaki kan yi mata yanga saboda wari, amma ka bar shi ya sha iska wuni guda, za ka ga wawaso.

Maman Abba: Baba, wannan na masu ƙaho ne. Mu masu kaji har yanzu muna hannun waken suya da ƙuliƙuli.

Alhaji Tsoho: Haka ne 'yata, wannan kam ba ni da maganinsa.

Direban Tirela, Apapa: Baban Hajara, akwai sauran irin? Ranar Laraba zan yi lodi zuwa Jos, surukina yana noman dankalin Turawa a Bokkos, kuma mutum ne mai son gwaje-gwaje.

Malam Ɗan Samaru: Kada ka kai masa wannan. In cutar a cikin irin take, gonarsa za ka kai wa.

Baban Hajara: Saura rabin mudu. To na fasa bayarwa, uwargida za ta dafa mana ta jiƙa kwanaki tana sauya ruwa mu ci da gishiri da lemon tsami yadda ƙanena ya ce ana yi a Alƙahira. Baba, ranar Asabar ina nan tafe karɓar sandunan.